'Yan'uwan Karfasa Masu Ado

Daga Yawuri har Baga, babu kasuwar kifi da ba a san karfasa ba, wadda waɗansu ke kira gargaza. Amma ba kowa ya san tana da dangi masu yawa ba, waɗanda Turawa ke kira sikilid. Waɗansunsu ba su wuce tsawon yatsa ba, ga su shuɗi, da rawaya, da ja, kamar an rina su. Ba don miya a ke kiwonsu ba, sai don kallo. A kan sa su cikin akwatin gilashi a gidaje da ofisoshi, suna kuwa da tsada.

Gidan asali na da yawa daga cikinsu manyan tabkuna uku ne na gabashin Afirka, watau Malawi da Tanganyika da Biktoriya. Tabkin Malawi kaɗai yana da iri fiye da 500, yawancinsu kuwa ba a samunsu ko'ina sai can. Nijeriya ma tana da nata. A rafukan kudu akwai wani ƙarami da a ke kira kiribensis, macensa mai jan ciki, wanda ya yi suna har Turai da Amurka.

Abin mamaki ga dangin nan shi ne renon 'ya'ya. Yawancin kifaye zubar da ƙwai su ke yi su tafi abinsu. Waɗannan kuwa ba haka ba ne. A irin na Malawi, mace ta kan kwashe ƙwanta cikin baki, ta riƙe kamar mako 3, ba ta cin abinci, har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su isa fita. Kiribensis kuwa rami ya ke nema, mace ta liƙa ƙwai a ciki, namiji ya tsare ƙofa, in 'ya'ya sun fito su biyu su yi ta kiwonsu kamar kaza da 'yan tsaki.

To, kifin da ke tsaron gida dole ya yi faɗa. Nan ne masu kiwo su kan yi hasara. Mutum ya sayo maza biyu masu kyau ya haɗa a ƙaramin akwati, kafin kwana kaɗan ɗaya ya kashe ɗaya. Ga irin na Malawi, akwati ya kamata ya ci lita 200, watau kamar garwa 11. A jera duwatsu da fasassun tukwane, don wanda aka kora ya sami maɓoya. A sa namiji ɗaya da mata 3 ko 4, sabo da in mace ɗaya ce, zai dame ta har ta galabaita.

Sai maganar ruwa. Suna son ɗumi, daga digiri 24 zuwa 28, don haka da hunturu a sa na'urar ɗumama ruwa. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu a zuba sabo. Ruwan famfo yana da kulorin mai kisan kifi, sai a bar shi ya kwana a buɗe tukuna. Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti 2 ya isa, gama saura ruɓa ya ke yi ya ɓata ruwa.

Manomi mai tafkin karfasa shi ma da nasa darasi a nan. Da ya ke uwa tana kāre 'ya'yanta a baki, kaɗan ne ke mutuwa, sai tafki ya cika da ƙanana, abinci ya kasa, a kwashe kifi ba mai girman sayarwa. Maganinsa a zuba maza zalla, ko kuwa a sa 'yan tarwaɗa su riƙa rage 'ya'yan.

Amma wanda ya gaji da kifinsa kada ya sake shi a kogi. Tsakanin 1950 da 1965 aka zuba giwan ruwa cikin tabkin Biktoriya. Ta yi ta cin ƙananan sikilid, kafin 1990 iri kamar 200 sun ɓace. Baƙon kifi in ya shiga ruwa ba ya fita. Gara a ba wani mai kiwo, ko a mayar wa wanda ya sayar.