Manhaja Ɗaya Daga Yamai Zuwa Maraɗi: Riba da Asara

Kusan shekara arba'in Nijar tana da jami'ar gwamnati ɗaya tak, wadda yau ake kira Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. A 2010 aka kafa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Dosso da Tilaberi. Kowace an ɗora mata aikin da ya dace da yankinta: Agadas ma'adinai da makamashi, Difa muhalli, Dosso fasahar sadarwa. Ta Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi ta riƙe kimiyya da fasaha, noma da muhalli, da lafiya. Ga kuma Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda tushenta Larabci ne da shari'a.

Sai dai tun ba su yi ƙwari ba, suka iske dole su riƙa duba manhajojin juna. Ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta a 2007 su koma tsarin LMD, wato lisansi, masta da dokta. Lisansi zango shida ne, makin karatu 180, ko a Lome aka yi shi ko a Maraɗi. Sama da wannan akwai CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a Yamai a 1968, hedikwatarta tana Wagadugu. Ita ke aiko malaman wasu jami'o'i su tantance digiri kafin ya samu karɓuwa a ƙasashen da ke cikinta.

Amma a ganina babban dalilin ba na takarda ba ne, na ƙarancin manyan malamai ne. Sabuwar jami'a ba ta haihuwar farfesa a dare ɗaya. Daga Yamai ake aro su, su zo "misiyo", su dunƙule darasin zango guda cikin ƴan kwanaki su koma. Wanda ya koyar, sau da yawa shi ne za a kira in an zo sabunta manhaja, kuma abin da ya saba da shi zai kawo.

Ribar a fili take. Yaron Kona da ya ci bak, wato jarrabawar ƙarshen sakandare, ya yi lisansi a Maraɗi, yana iya ɗaukar takardarsa ya nemi masta a Yamai ko Wagadugu ba a ce ya koma farko ba. A fannin lafiya ma ba a wasa: likitan da zai zauna a asibitin Tasawa bai kamata ya gaza na Yamai ba don kawai inda ya yi karatu. Idon baƙo kuma yana ganin abin da ƴan gida suka daina gani, kamar darasin da ke cikin jadawali alhali ɗakin gwajinsa babu ko na'ura.

Asarar ce ba a cika faɗa ba. Mai tantancewa yana da saurin ƙirga sa'o'i da maki, yana da nauyin tambayar ko manhajar ta san ƙasar da take zaune a kai. A bi Gulbin Kaba ta Mayahi a gani: goruba ce arzikin wurin, mata na yankan kaba suna saƙa tabarma da igiya, makiyayi da manomi kowa na da ido a kan fili guda. A gonakin Tasawa da Agye, tun shekarun 1980 manoma ke barin tohon gawo da kalgo suna sassabe shi maimakon tumɓukewa, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa koyo. Ɗalibin noma da ya gama Maraɗi bai iya zama da waɗannan manoma ya yi musu bayanin tsutsar gero da Hausa ba, an cuce shi, ko da hatimi goma ne a takardarsa. Haka ɗalibin kimiyyar ruwa da bai ji labarin Tibiri ba, inda sinadarin fuloraid na ruwan rijiyar burtsatse ya lanƙwasa ƙasusuwan yara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. In sababbin jami'o'in nan bakwai duk suka zama ƙananan Yamai, me ya sa aka sha wahalar kafa su?

Maƙwabta sun ci karo da wannan. A Disamba 2022 hukumar jami'o'in Najeriya, NUC, ta fito da sabuwar manhaja inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a 30 ta cika da abin da ya dace da ita. Ƙungiyar malamai ta ASUU ta ce ko hakan katsalandan ne. Duk da haka an ja layi, kowa ya san nasa.

Irin layin nan ake buƙata a nan. Tushen ilimi a duba shi tare, da tsanani. Abin da ya shafi yanki a bar wa masu yankin, kuma ranar da za a zauna duba manhajar noma a Maraɗi, a ajiye kujera ga masu binciken noma na cibiyar INRAN ta Tarna da wakilan ƙungiyoyin manoman Mayahi da Tasawa.