Manhajar shara ba ta ƙara wa waya ko giga ɗaya

A rumfunan cajin waya na Birnin Gwari, da zarar mutum ya ce wayarsa ta cika, sai wani ya tura masa wata manhaja ta hanyar Xender, wai tana "ƙara memori". Har da masu rantsuwa cewa Tecno mai giga 32 ta koma 64. Ba ta koma ba, ba kuma za ta koma ba. Ma'ajin waya abu ne da aka liƙa tun a masana'anta, girmansa ke nan har wayar ta mutu.

To me manhajar take yi da take nuna tsintsiya tana zagayawa, ta ce ta share mega 800? Manomin masara zai gane. Rumbu ya cika da buhuna, sai yaro ya shiga ya share ƙaiƙayin da ke ƙasa, ya fito yana cewa ya samar da wuri. Buhunan suna nan, ƙaiƙayin kuwa gobe zai dawo. Abin da manhajar ke kwashewa tarkace ne da Facebook da TikTok suke ajiyewa don kada su sake sauke hoto ɗaya sau biyu. Idan aka share, sai su sake saukewa, da datar mai wayar. A garin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa, wannan asara ce.

Buhunan su ne bidiyon WhatsApp. Wa'azi, fim, biki, da faifan 'yan bindiga da aka tura daga zaure zuwa zaure, ana kallo ana salati, ba a gogewa. Ban ga laifin mutanen yankin ba idan sun koyi tara kaya a waya. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi har da Birnin Gwari, sai ƙarshen Nuwamba aka maido. Wanda ya yi wata biyu ba shi da komai sai abin da ke cikin wayarsa, da wuya ya yarda ya goge. Hukumomin da suka iya rufe sabis dare ɗaya kuwa ya kamata a riƙa jin duriyarsu wajen wayar da kai kan manhajojin da ke yawo hannu da hannu.

Kuma akwai abin faɗa. Manhajar shara sai an ba ta izinin ganin duk abin da ke cikin waya, har da hoton katin ɗan ƙasa da shaidar tura kuɗi. Cikin irin waɗannan manhajoji, Google ya cire ES File Explorer daga Play Store a 2019, ya kuma kori Clean Master a Fabrairun 2020 cikin manhajoji kusan 600 da suka addabi mutane da talla. Tsofaffin kwafinsu ba su daina zagayawa ta Xender ba.

Kayan aikin kirki kyauta suna nan. Files by Google, wadda ta fito a 2017, tana nuna manyan fayiloli da waɗanda aka ajiye sau biyu, tana kuma kwashe kaya zuwa katin memori. WhatsApp ma tun 2020 ya sa wuri a cikin saitinsa inda yake jera duk abin da ya haura mega 5 da wanda aka yi ta turawa. A cikin saitin ne kuma ake kashe saukar bidiyo da kansa. Sai dai a kula da katin memorin: na jabu yakan nuna giga 64, ya karɓi kaya ba musu, ranar da aka buɗe a tarar rabinsu ba sa buɗuwa.