BABI NA UKU: TASIRIN WUTA A KAN TABAR WIWI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin ƙasar Rano da Kibiya tare da sana'o'in mutanenta. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bayyana abin da zafin wuta yake yi wa ganyen wiwi, da dalilin da ya sa wadda aka cusa a cikin abinci ko abin sha ta fi wadda ake zuƙa saurin kai mutum asibiti. Manufar babin ita ce a warware wani zato da ya samo asali daga al'adar girki, wato cewa duk abin da ya hau wuta kaifinsa ya ragu.

3.1 Matsayin Wuta a Girki da Magani

Idan aka dubi madafin Bahaushe a ƙasar Rano da Kibiya, kamar sauran ƙasar Hausa, za a tarar wuta ita ce mai ladabtar da tsiro. Ana dafa rama a tsiyaye ruwanta don tsaminta ya ragu kafin a yi kwaɗo. Haka ake yi wa tafasa da zogale. Rogo mai ɗaci kuwa sai an jiƙa shi an kuma dafa kafin gubarsa ta fita. A ɓangaren magani ma, masu magani sun san bambancin jiƙo da dafawa da turare da surace, kuma sukan ja kunnen majinyaci a kan ɗanyen sassaƙe fiye da dafaffe.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutumin da ya tashi a wannan al'ada ya ɗauka cewa wiwin da aka dafa ta fi ta hayaƙi sauƙi. Amma binciken kimiyya ya nuna akasin haka. A wajen wiwi, wuta tayar da maye take yi.

3.2 Shigowar Wiwi Nijeriya

Wiwi ba tsiron gargajiyar Bahaushe ba ce, ko da yake ganyenta ya yi kama da na rama, har ma kamannin ne ya sa masana tsirrai suka raɗa wa rama sunan kimiyya mai nuni da wiwi. Asalinta daga tsakiyar nahiyar Asiya ne. Yawancin masana suna ganin ta yaɗu a Nijeriya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, ta hannun sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. An fi noma ta a dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da Delta da Osun, daga can ake safarar ta zuwa Arewa.

A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, an ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Ke nan ita ce kan gaba.

3.3 Abin da Zafi Yake Yi wa Ganyen

Sinadarin da yake sa maye a cikin wiwi shi ake kira THC. Masana biyu, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, su ne suka ware shi suka fayyace tsarinsa a 1964 a Cibiyar Weizmann ta ƙasar Isra'ila. Abin lura a nan shi ne, ɗanyen tsiron bai ɗauke da wannan sinadari da yawa. Abin da ya fi yawa a cikinsa shi ne THCA, wanda za a iya kwatanta shi da wuƙa a cikin kube. THCA yana da wani ƙarin ɓangare a jikinsa da yake hana shi kama mazaunin da ya dace da shi a ƙwaƙwalwa. Idan zafi ya taɓa shi, sai wannan ɓangaren ya balle ya fita a matsayin iskar kabon, abin da ya rage ya zama THC. Daɗewa a ajiya da shan rana su ma suna kawo wannan sauyi, sai dai a hankali.

Mai zuƙa yana yin wannan aiki ne ba tare da ya sani ba, domin wutar da ya ƙyasta ita take zare wuƙar daga kube nan take. A cikin girki kuwa tukunya ce take yi. Bugu da ƙari, THC ba ya narkewa a ruwa sosai, amma yana narkewa a cikin maiƙo da barasa. Wannan ne ya sa a ƙasashen da aka daɗe ana cin ta ake samun ta a abinci mai maiƙo, kamar haɗin madara na Indiya da ake kira bang, da alawar majun ta Maroko. Tun a ƙarni na 13 masanin tsirrai Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a 1248, ya bayyana yadda wasu a Masar suke cin ta da yadda take taɓa musu hankali.

3.4 Bambancin Zuƙa da Ci

Hayaƙi yana bi ta huhu ya shiga jini, cikin mintoci kaɗan ya isa ƙwaƙwalwa. Mai zuƙa yana jin abin da yake samunsa tun yana kan yi, kuma bayan awa biyu zuwa uku yawanci ya fara sakinsa. Wadda aka ci kuwa sai ta bi ta ciki da hanji ta isa hanta. A nan hanta take juya wani kaso na THC zuwa wani sinadari na daban mai saurin ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa, wanda ƙarfinsa bai gaza na farko ba.

Daga wannan ne matsaloli uku suke tasowa. Ta farko ita ce jinkiri: akan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu kafin a ji komai, sai mai ci ya zaci ba ta kama shi ba ya ƙara, daga baya duka su taso masa a lokaci guda. Ta biyu ita ce daɗewa, domin mayen yana iya wuce awa shida, wani lokaci ya kwana. Ta uku kuma ita ce rashin ma'auni, saboda ba wanda zai dubi loma ya san abin da yake cikinta.

Jihar Kolorado ta Amurka, wadda ta fara sayar da wiwi a fili a 2014, ta ba da misali. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa nau'in da ake ci bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da aka sayar ba, amma shi ya jawo kusan kashi 11 cikin 100 na waɗanda wiwi ta kai sashen gaggawa na wani babban asibiti a jihar.

3.5 Waɗanda Abin Ya Fi Shafa

Hayaƙin wiwi yana da wari, don haka yana tona asirin mai shi. Wadda take cikin abinci ko shayi ko zoɓo kuwa ba ta da wannan alama, kuma a nan haɗarin yake. Al'adar mutanen Rano da Kibiya ta cin abinci a kwano ɗaya ce, ba a kuma hana yaro abin da ya gani a hannun babba. A wurin biki ko gayya ba a tambayar abin da yake cikin moɗa. An riga an san irin ɓarnar da zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro, yake yi idan aka zuba shi a abin sha. A Amurka rahotannin yara 'yan ƙasa da shekara 6 da suka ci irin wannan abinci sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021.

Alamomin da akan gani ga babba sun haɗa da bugun zuciya da firgita da amai da sambatu da gane-gane. Yaro kuwa yakan yi tangaɗi, ya faɗa barci mai nauyi, har numfashinsa ya yi ƙasa. Da yake ba a ga hayaƙi ba, iyaye suna iya ɗaukar abin a matsayin bugun iska, a tsaya turare da tofi lokaci yana ƙurewa. Har ila yau, al'adar ɗura wa wanda ya sha guba madara ko manja ba ta da amfani a nan, domin maiƙo ba ya karya THC, kuma wanda hankalinsa ya gushe yana iya shaƙewa. Abin da ya dace shi ne a kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ya ci. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoye cibi.

3.6 Matsayin Doka da Addini

Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, kafin a sassauta ta a 1975. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48. Mallakar wiwi laifi ne, ko a naɗe take ko a cikin tukunya. Ta fuskar addini kuwa, tun zamanin da cin ta aka sani ba zuƙa ba malamai suka hana ta. Alƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya sa ta cikin abubuwan da suke ɓata hankali, Ibnu Taimiyya kuma, wanda ya rasu a 1328, ya haɗa hukuncinta da na giya.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙa'idar da ta yi daidai a kan rama da rogo ba ta hau kan wiwi ba. An kuma ga yadda jinkiri da daɗewa da rashin ma'auni suke sa cin ta ya zama tarko, musamman ga yara da waɗanda aka ba su ba da saninsu ba. Babi na gaba zai duba rawar da iyaye da masu unguwanni da limamai za su iya takawa wajen faɗakarwa.