Jan littafin Bobby Fischer

Kafin gasar cin kofin duniya ta darar ces a 1972, duk inda aka ga Bobby Fischer sai an ga wani jan littafi a hannunsa. Ko gidan abinci ya shiga, sai ya ajiye shi gefen faranti, yana loma yana duba shafi. A Jamus aka buga littafin, kuma ba komai a cikinsa sai wasannin Boris Spassky sama da 350, wato mutumin da zai kara da shi a Reykjavik.

Tun yana yaro a Brooklyn wannan ɗabi'a ta kama shi. Har Rashanci ya tsinta don ya iya karanta mujallun dara na Tarayyar Sobiyet, ƙasar da a lokacin kambun duniya bai bar hannun 'yan wasanta ba tun 1948.

Gasar ta fara masa da ƙafar hagu. An ci shi wasan farko, na biyu kuma ya ƙi zuwa zauren, aka ba Spassky maki a ɓagas. Amma a wasa na shida, ranar 23 ga Yuli, sai ya sauya hannu. Kowa ya san Fischer da tura sojan da ke gaban sarki, a kansa masu taimaka wa Spassky suka ƙare shirinsu. Ranar kuwa sai ya tura wani soja na ɓangaren sarauniya.

Daga nan ya bi sawun wani tsohon wasa da aka buga a Mosko a 1970, inda Semyon Furman ya lallasa Efim Geller. Abin dariyar shi ne, wannan Geller ɗin yana Reykjavik, shi ne babban mai ba Spassky shawara. Ya riga ya gano inda ya kuskure a taku na 14, an ce ma ya nuna wa Spassky gyaran. Da aka iso wurin, sai Spassky ya maimaita kuskuren Geller sak. Fischer ya yi ta matse shi sannu a hankali, har Spassky ya miƙa wuya a taku na 41.

Zauren ya ɓarke da tafi. Spassky ma, wanda aka ci, ya bi sahun 'yan kallo yana tafa wa abokin karawarsa.

Fischer ya ɗauke kambun da maki 12½ da 8½. Gyaran nan kuwa bai tafi a banza ba. A 1973, a garin Hilversum na Holan, Jan Timman ya ɗana wa Geller tarko iri ɗaya, Geller ya gusa sarauniyarsa inda ya kamata a taku na 14, ya ci wasan.