Asalin Kalmar "Hula" a Harsunan Silabawa



Maƙasudin wannan lacca shi ne bin salsalar kalma guda ta Silabawa, wato al'ummar da Rashawa da Bulgariyawa da Sabiyawa da mutanen Cek suka fito daga cikinta. Kalmar ita ce "hula", ana kuwa furta harafin farkonta daga maƙogwaro kamar "kha" ta Larabci. Ma'anarta zagi da kushe, kuma ita ce saɓo idan abin ya shafi Ubangiji.

A shekarar 863 Kiril da ɗan'uwansa Metodiyus suka isa ƙasar Morabiya daga daular Rumawa ta Gabas, suka shiga juya Linjila daga Girkanci. A wurare da dama da Girkanci ya ce "blasfemiya", tsofaffin rubuce-rubucen Silabawa "hula" suka sa. Daga nan Rashanci ya sami "bogohulstvo", wato Bog, Allah, haɗe da hula.

To, ina kalmar ta samo asali? Ra'ayi na farko ya ce aro ce daga Gotawa, ƙabilar Jamusawan dā, masu kalmar "holon", wato cuta ko ƙazafi. Hujjarsa ita ce wannan sauti a farkon kalma yakan nuna aro, kamar "hleb", burodi, wadda ta fito daga "hlaifs".

Ra'ayi na biyu ya ce ta gida ce, jikar wani aikatau mai ma'anar lanƙwasawa. A harshen Cek, "choulit se" na nufin duƙawa ko takurewa. A harshen Polan, "chylić" sunkuyarwa ce. A Rashanci, "hilyj" shi ne rarrauna. Wannan ra'ayi ya fi ƙarfi, domin kalmar aro ba ta cika samun dangi masu yawa haka a cikin gida ba. Bisa wannan, zagin mutum shi ne sunkuyar da shi, a mai da shi ƙasa.

Wasu masana kuma suna danganta ta da "hvala", yabo, suna ganin tushe guda ne ya rabu biyu.

Muhimmancin batun shi ne: in kalmar ta gida ce, to Silabawa suna da sunan wannan laifi tun kafin Kiristanci ya iso musu, masu fassara ɗaga ta kawai suka yi daga cin mutuncin ɗan Adam zuwa saɓon Mahalicci.