Babi na Uku: Zaɓen Mahallin Rubuta Manhaja da Gyaran Kura-kuranta

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda aka tattaro kalmomin su da na noman fadama daga bakin masunta da manoma a yankunan Haɗeja da Auyo da Guri da Kirikasamma. An kuma nuna cewa tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin cikar kogin Haɗeja ya canza, kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har wasu dabarun su suka ja baya, sunayensu kuma suka fara fita daga bakin matasa. Da yake kalmomin da aka samu suna da yawa, sai aka ga ya dace a rubuta 'yar ƙaramar manhaja wadda za ta jera su bisa tsarin abacada na Hausa. To, amma kafin a rubuta manhaja dole ne a zaɓi wurin da za a rubuta ta. Don haka a wannan babi za a bayyana ma'anar mahallin rubuta manhaja, da ma'aunan da aka bi wajen zaɓensa, da kuma irin kura-kuran da ya taimaka aka gano.

3.1 Ma'anar Mahallin Rubuta Manhaja

Mahallin rubuta manhaja, wanda ake taƙaita sunansa da IDE a Turance, shi ma manhaja ce wadda ta haɗa kayan aikin mai rubuta umarnin kwamfuta a wuri guda. Ana iya kwatanta shi da maƙera, inda uwar maƙera da masaba da zugazugi da awartaki suke kusa da hannun maƙeri. Manyan kayan aikin da ke cikinsa uku ne. Na farko shi ne allon rubutu, inda ake rubuta umarni layi bayan layi. Na biyu shi ne tafinta, wato abin da ke juya umarnin zuwa abin da kwamfuta take ganewa. Na uku kuwa shi ne abin da a wannan nazari aka kira mabiyin sawu, wato wanda ke tsayar da manhaja tana cikin aiki domin a ga inda ta kauce hanya.

Haɗa waɗannan kaya a wuri guda ba sabon abu ba ne, domin tun a 1983 kamfanin Borland ya fitar da Turbo Pascal, wanda ya haɗa allon rubutu da mai juya umarni. Shi kuwa kuskuren manhaja, Turawa suna kiransa ƙwaro. Akan ba da labarin wani ƙwaro na gaske da ma'aikata suka ciro daga cikin kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1947, suka manna shi a littafin aikinsu, ko da yake injiniyoyi sun daɗe suna amfani da kalmar kafin wannan lokaci.

3.2 Harshen da Aka Yi Amfani da Shi

An rubuta manhajar wannan nazari da harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Dalili kuwa shi ne, tun daga Python 3 da ya fito a 2008, harshen yana riƙe rubutu da tsarin Unicode, wato tsarin da ya bai wa kowane harafi lambarsa ta kansa, har da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. An daina kula da Python 2 daga ranar 1 ga Janairu 2020, saboda haka ba a waiwaye shi ba.

3.3 Ma'aunan Zaɓe

Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Mahallin da ya dace da ma'aikacin babban kamfani ba lallai ne ya dace da ɗalibin da ke aiki a gaɓar kogin Haɗeja ba. Bisa wannan dalili ne aka shimfiɗa ma'aunai huɗu kamar haka:

(a) Ƙarfin kwamfuta. Kwamfutar da aka yi aikin da ita tsohuwa ce, mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4. Mahalli mai nauyi yakan cinye ƙwaƙwalwar, ya kuma shanye batir da wuri.

(b) Wutar lantarki da intanet. An yi yawancin aikin a ƙauyukan fadama, inda ba kullum ake samun wuta ba, sai a kai kwamfuta wurin masu cajin waya. Haka kuma da damina ruwa yakan yanke hanyoyi, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jihar Jigawa, ta yadda mutum zai yi kwanaki bai shiga gari ba. Ke nan dole ne mahallin ya yi aiki ba tare da intanet ba.

(c) Haruffa masu lanƙwasa. Wannan shi ne ma'auni mafi muhimmanci ga mai nazarin Hausa, domin lanƙwasa tana bambanta ma'ana, kamar a kafa da ƙafa, ko kura da ƙura, ko gada da gaɗa. Mahallin da ba ya ajiye rubutu da tsarin UTF-8, wato hanyar da aka fi bi wajen adana haruffan Unicode a fayil, ba shi da amfani a nan.

(d) Sauƙin mabiyin sawu. Mai wannan nazari ɗalibin harshe ne, ba na kimiyyar kwamfuta ba, don haka yana bukatar abin da zai nuna masa aikin manhaja daki-daki.

3.4 Mahallan da Aka Duba

An duba mahallai biyar, kuma kowannensu ana iya samunsa kyauta.

Na farko shi ne PyCharm na kamfanin JetBrains, wanda ya fito a 2010. Yana da kayan aiki masu yawa ƙwarai, kuma yakan nuna kuskure tun mutum yana cikin rubutu. Sai dai an yi shi ne domin manyan ayyuka da kwamfuta mai ƙarfi, saboda haka bai cika ma'auni na farko ba.

Na biyu shi ne Visual Studio Code na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2015. Ya fi PyCharm sauƙi, kuma ya karɓu ƙwarai a wurin masu wannan sana'a. Amma ba ya zuwa da Python a cikinsa. Sai an sauke harshen daban, an kuma sauke ƙarin kayan da za su haɗa su. Bugu da ƙari, tun 2022 sababbin nau'o'insa suka daina aiki a kan Windows 7, wadda har yanzu akan tarar a tsofaffin kwamfutoci.

Na uku shi ne Google Colab, wanda ake aiki da shi ta intanet ba tare da an ɗora komai a kwamfuta ba. Wannan alheri ne ga mai ƙaramar kwamfuta, amma da zarar intanet ta yanke aiki ya tsaya, wato ya faɗi a ma'auni na biyu.

Na huɗu shi ne IDLE, wanda yake zuwa tare da Python. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma ba ya bukatar intanet. Yana da mabiyin sawu, sai dai layi-layi yake bi, ba ya shiga cikin layi ya warware shi.

Na biyar shi ne Thonny, wanda Aivar Annamaa ya ƙirƙira a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya domin masu koyo. Yana zuwa da Python a cikinsa, ta yadda za a iya ɗaukarsa a filas a ɗora wa kwamfutar da ba ta da intanet. Daɗin daɗawa, mabiyin sawunsa yana shiga cikin layi guda ya nuna yadda kowane gaɓa yake juyewa, yana kuma da taga a gefe mai nuna abin da manhaja take riƙe da shi a kowane taki. Shi ne ya cika ma'aunan nan huɗu, kuma shi aka zaɓa.

3.5 Misalan Kura-kuran da Aka Gano

Kura-kuran manhaja iri biyu ne. Akwai wanda ke tsayar da aiki ya ba da sanarwa, akwai kuma wanda manhaja za ta ci gaba da aiki amma ta ba da amsar da ba daidai ba. Na biyun ya fi haɗari, kuma domin sa ake bukatar mabiyin sawu. Ga misalai huɗu:

(i) Alamar hamza. A harshen Python akan sanya rubutu tsakanin alamomi biyu irin wadda ake rubuta hamza da ita. Idan aka sanya kalma kamar 'ya'ya ko Jama'are a tsakaninsu, tafinta zai ɗauka rubutun ya ƙare a tsakiyar kalmar, sai ya tsaya. Wannan kuskure ne mai sanarwa, kuma maganinsa shi ne a yi amfani da alamar zance mai baki biyu.

(ii) Rikiɗewar haruffa. Idan aka buɗe fayil ɗin UTF-8 da tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma, harafin ƙ yakan koma Æ™, sunan Haɗeja kuma ya fito HaÉ—eja. Abin lura shi ne, manhaja ba za ta tsaya ba sai ta ci karo da babban harafin Ɓ, domin ɗaya daga cikin lambobinsa biyu ba ta da gurbi a wancan tsari. Tagar gefe ce ta nuna rikiɗewar tun a layin farko, aka gyara ta hanyar ambaton UTF-8 a umarnin buɗe fayil.

(iii) Jeri. Kwamfuta tana jera haruffa ne bisa lambobinsu. Lambar z ita ce 122, ta ƙ 409, ta ɓ 595, ta ɗ kuma 599. Saboda haka da aka ba ta kalmomi bakwai sai ta jera su haka: birgi, kalli, tarwaɗa, zago, ƙugiya, ɓaure, ɗinya. Alhali jerin da ya dace shi ne: birgi, ɓaure, ɗinya, kalli, ƙugiya, tarwaɗa, zago. Sai da aka rubuta wa manhajar abacadar Hausa, aka umarce ta da ta bi shi.

(iv) Tagwayen baƙaƙe. A wannan nazari an ɗauki sh da ts a matsayin harafi guda-guda, ta yadda shinkafa za ta zo bayan sankiya da su. Da aka sa alamar tsayawa aka bi kalmar tsamiya taki-taki, sai aka ga manhajar ta ɗauki t ita kaɗai ta wuce. Gyaran shi ne a sa ta fara duba haruffa biyu kafin ta duba ɗaya.

Uku daga cikin waɗannan kura-kurai na masu shiru ne. Da ba a gano su ba, da jerin kalmomin da ke rataye na ɗaya ya fito a birkice, mai neman ƙugiya ya neme ta bayan kalli ya rasa.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar mahallin rubuta manhaja, an kawo ma'aunai huɗu, sannan an auna mahallai biyar da su. An ga cewa shaharar mahalli ba ita ce abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ƙarfin kwamfutar da ke hannu, da halin wuta da intanet a wurin aiki, da kuma yadda mahallin yake riƙe haruffan Hausa. Wannan zaɓi bai nuna cewa Thonny ya fi sauran a kowane hali ba, domin wanda zai yi babban aiki kamar cikakken ƙamus tare da wasu mutane zai fi samun biyan bukata a Visual Studio Code ko PyCharm. A babi na gaba za a kawo kalmomin da aka jera, a kuma yi nazarin ƙirarsu da ma'anoninsu.