Sankarar Nono Ba Iri Ɗaya Ba Ce: A Nemi Gwajin Tsoka Kafin a Fara Magani

Sau da yawa mace kan zo mana daga ƙauyukan Gwaram ko Birnin Kudu da ƙullutu a nono wanda ta kwashe watanni tana ɓoyewa. An shafa magani, an sha jiƙo, wata ma har an sayo mata ƙwayar tamoksifen a kemis saboda an ji ta yi wa wata amfani. To, 'yan'uwa, a sani cewa sankarar nono, wadda muka fi kira ciwon daji, kala-kala ce, kuma kowace da maganinta.

Idan aka gutsuri tsoka daga ƙullutun, a ɗakin gwaje-gwaje ana duba abubuwa uku a jikin ƙwayoyin cutar: ko sinadarin mata na istirojin ne ke ciyar da su, ko na furojestaron, ko kuma suna ɗauke da wani furotin mai suna HER2. Idan aka samu ɗaya daga ciki, akwai maganin da ke toshe wannan ƙofa. Idan kuwa duka ukun babu, ita ce sankarar da likitoci ke rubutawa TNBC a takardar sakamako. A kanta tamoksifen ba ya aikin komai. Asarar kuɗi ce, kuma cutar na ci gaba da yaɗuwa.

Wannan nau'i yana girma da sauri, kuma ya fi sauran kama mata masu ƙarancin shekaru, har da 'yan ƙasa da 40. A nan ne ake yawan ruɗuwa, domin mai goyo kan ɗauka kumburin shayarwa ne. Kumburin shayarwa yana sauka da magani cikin kwanaki. Wanda ya wuce mako biyu bai sauka ba, a kawo a duba.

A ƙasashen Turai da Amurka, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu sankarar nono ne ke da wannan nau'i. A Afirka ta Yamma abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ya duba mata fiye da 500 daga Najeriya da Senegal, ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu ce kawai cutarta ke ci da istirojin. Gado ma na da nasa hannun, musamman matsalar ƙwayar halitta ta BRCA1. Don haka idan uwa ko 'yar'uwa ta taɓa yin sankarar nono ko ta ƙwan mahaifa, a faɗa wa likita.

Amma ba nau'in cutar kaɗai ke kashe matanmu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na masu sankarar nono suna kaiwa shekara 5 bayan an gano ta, alhali a Afirka ta Kudu kashi 40 ne. Bambancin yana ga zuwa da wuri da kuma samun aiki cikakke. Mace a Gwaram sai ta nemi izini da kuɗin mota kafin ta iso Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Daga nan wataƙila a tura ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, in kuma ana bukatar gashi da na'ura, tafiyar na iya kai ta wani gari. A kowane zango wasu na komawa gida. Ita kanta tsokar, in ba a saka ta cikin ruwan fomalin da gaggawa ba, tana lalacewa, sakamako ya nuna babu abin da a gaskiya akwai.

Akwai kuma zancen da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura. Wannan magana ta jawo mana asarar rayuka. Ɗaukar tsoka da allura ba ya watsa cutar. Hasali ma, TNBC na cikin nau'o'in da suka fi jin maganin kemo da ake ƙarawa ta jijiya, kuma sau da yawa da shi ake farawa don ƙullutun ya motse kafin tiyata. Gashin kai zai zube, amma zai sake fitowa. Haɗarin yana ga yankewa a tsakiya saboda an ga sauƙi. Bayan an gama kuma a riƙa zuwa ganin likita, domin idan cutar za ta dawo, ta fi yin haka a shekaru 3 zuwa 5 na farko.

Maigida, kuɗin gwajin nan bai kai na maganin da za a saya a makance ba. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon daji a wasu asibitoci, ciki har da na Shika a Zariya da na Gombe. A tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya yadda ake nema. Ranar zuwa asibiti a taho da takardar sakamakon tsoka da kwalayen duk magungunan da aka riga aka sha.